An Ce Manhajar Da Muke Tantance Rance Da Ita Ta Mutu: Wa Zan Gaskata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani ƙaramin bankin ba da rance a Kano. Shekarun baya wani ɗan kwangila ya ɗora mana manhajar tafiyar da aikin ofis mai suna Camunda 7, sigar da ba a biya, kuma a kanta ne takardar neman rance take bi daga teburin mai karɓa zuwa jami'in bincike, zuwa manaja, har a saki kuɗi. Kwanan nan na ji an ce kamfanin ya daina fitar da ita. Na kira wanda ya ɗora mana, ya ce in kwantar da hankalina, wai buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya ɗaukar lambobinta ya gyara, ba ta da mai ita, don haka ba ta mutuwa. Sai ga wani dillali ya zo ya ce wa manajanmu idan ba mu sayi lasisi ba za a iya maka mu a kotu, ko a kashe mana ita daga nesa. Manaja ya ce in kawo masa amsa. Wallahi barci ya ƙaurace min, domin BVN da NIN da bayanan albashin mutane duk suna ciki. Wanne ne mai gaskiya a cikinsu? Kuma yaya aka yi abin da aka ce na kowa ne kamfani ɗaya ya iya rufe shi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka ta ɓangaren dillali. Babu mai kashe muku injin, wato manhajar, daga nesa, babu kuma kotun da za ta kira ku don kuna amfani da shi. Sigar Camunda 7 ta jama'a an sake ta ne a ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, kuma iznin da wannan lasisi yake bayarwa na dindindin ne, ba a janye shi. Dillalin nan ko dai bai karanta lasisin ba, ko ya karanta ya ga tsoratarwa ta fi saurin kawo ciniki. Abu ɗaya kawai za ka duba: ka tabbata ta jama'a ce aka ɗora muku, ba ta masu biya ce aka samo ta bayan fage ba. Lambar sigar masu biya tana ƙarewa da haruffan "ee". Idan ba ka ga haka ba, ka sallami dillali cikin mutunci.

Labarin da ka ji kuwa gaskiya ne. Siga ta 7.24, wadda ta fito a Oktoban 2025, ita ce ta ƙarshe. Daga nan masu sigar kyauta ba sa ƙara samun gyara ko facin tsaro, wato gyaran da yake toshe ƙofar kutse, daga kamfanin, masu biya ne kaɗai suke da sauran shekarun tallafi.

Yadda aka zo nan yana rubuce a cikin sabarku, wato kwamfutar da injin yake zaune a kanta. Ka buɗe rumbun bayanan injin ka dubi sunayen teburan: ACT_RU_TASK, ACT_RU_EXECUTION, ACT_HI_PROCINST. Babu inda aka rubuta Camunda. Wannan ACT ɗin gadon wata manhaja ce irinta mai suna Activiti, ita kuma Activiti 'yar wata ce da ta riga ta, jBPM. A wajejen 2003 wani ɗan Beljiyam, Tom Baeyens, ya fara rubuta jBPM da yaren Java, a lokacin da injin tafiyar da aikin ofis sai manyan bankuna da kamfanonin inshora ke iya saya daga irin su FileNet da Staffware. A 2004 aikin ya koma ƙarƙashin kamfanin JBoss, a 2006 kamfanin Red Hat ya sayi JBoss. A 2010 Baeyens da abokin aikinsa Joram Barrez suka bar can suka koma Alfresco, kamfanin manhajar adana takardu da yake son inji mai lasisin Apache, suka gina Activiti. Sigarta ta farko da lamba 5 ta fara, don ana kallonta a matsayin ci gaban jBPM 4. Red Hat kuwa ya riƙe sunan jBPM ya ɗora shi a kan wani inji daban, Drools Flow. Waɗanda suka gina ayyukansu a kan jBPM 4 suka wayi gari suna yana nan amma cikin ya sauya, dole suka yi ƙaura.

Camunda kamfanin ba da shawara ne da Jakob Freund da Bernd Rücker suka kafa a Balin ta Jamus a 2008, kuma yana cikin masu taimaka wa Activiti sosai. A Maris na 2013 ya kwashi kwafin tushenta, wato lambobin da aka rubuta ta da su, ya ɓalle da shi, wannan ita ce Camunda 7 da kake riƙe da ita. A Oktoban 2016 manyan marubutan Activiti ɗin su ma suka ɓalle suka kafa Flowable, shi ya sa za ka tarar da teburan ACT a can ma. Shi kuwa Camunda a 2022 ya fitar da Camunda 8 a kan sabon inji mai suna Zeebe, wanda ana iya karanta tushensa amma lasisinsa ba buɗaɗɗe ba ne, kuma daga siga ta 8.6 a Oktoban 2024 sai da lasisin biya ake amfani da ita a aikin gaske a kan sabar mutum. Don haka kamfanin bai rufe tsohuwar ba, ba shi ma da ikon rufe ta. Ma'aikatansa ya kwashe daga kanta ya mai da su kan wadda take kawo kuɗi.

Nan ne maganar ɗan kwangilarku take, kuma ita ce ta fi tayar min da hankali, domin ta dillali kuɗi kawai za ta ci muku, wannan kuwa tana iya cin bankin.

"Ba ta da mai ita, don haka ba ta mutuwa." Kusan kullum sai na ji wannan jimla daga bakin wanda ya kamata ya fi kowa sani. Ka sake bin tarihin da na zayyano ka ga ko akwai inda injin ya motsa ba tare da albashi ya motsa ba. JBoss ya biya Baeyens, jBPM ta girma. Alfresco ya biya shi, Activiti ta haihu. Mutanen suka tashi, Flowable ta samu ƙarfi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji tana da mutane ƙalilan da aka sani da suna, masu iyali, masu haya, waɗanda wani yake biya don su zauna su karanta rahoton ɓaraka su toshe ta. Lasisi ya ba ka tushen har abada, amma bai ba ka waɗannan mutane ba. A cikin lasisin Apache ɗin ma an rubuta ƙarara cewa an ba ka kayan yadda yake, babu garanti ko na sisin kwabo. Rijiyar unguwa ce: kowa yana da ikon jefa guga, ranar da mai yashe ta ya daina zuwa ruwan ba zai ƙafe a take ba, za a ci gaba da sha ana cewa ai ga shi nan ƙalau, alhali ya fara gurɓata.

Kuma gurɓatar ba daga injin kaɗai take zuwa ba. Camunda 7 tana zaune ne a kan Java, a kan Tomcat ko Spring, tare da tarin ƙananan manhajojin aro da wasu mutane daban suke rubutawa. Kowanne a cikinsu ana gano masa ɓaraka lokaci zuwa lokaci, ana kuma buga ta a fili da lambarta, mai gyara da mai kutse duk suna karantawa a rana ɗaya. A Disamban 2021 da aka gano ɓarakar Log4j, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan manhajoji, masu kula da ita sun fitar da faci cikin kwanaki, amma facin bai ɗora kansa a sabar kowa ba. Kafin nan, a 2017, an sace bayanan mutum kimanin miliyan 147 daga Equifax, kamfanin tattara bayanan bashi a Amurka, ta wata ɓaraka a manhajar Apache Struts da aka riga aka fitar da facinta tun watan Maris na shekarar, ba a dai ɗora ba. Wancan yanayin ma faci yana nan. Ku yanzu kuna shiga yanayin da daga kamfanin facin ba zai zo ba sam.

Abin da yake ba ni haushi shi ne masu faɗar wannan magana su ne suke barin aiki rabi. Na taɓa duba irin wannan injin a wata ma'aikata, na tarar asusun gwaji da yake zuwa da manhajar, suna "demo" kalmar sirri "demo", yana nan da ikon shugaba. Ƙofar REST, hanyar da wasu manhajoji suke bi su yi magana da injin, wadda take zuwa ba tare da tantancewa ba sai an kunna, a buɗe take ga duk wanda ya shiga intanet ɗin ofis, har baƙon da aka ba kalmar waifai a ɗakin jira. Da adireshi ɗaya a burauza mutum zai jero duk wanda ya nemi rance da nawa ya nema. Teburan tarihi sun kumbura don ba a taɓa saita ranar share su ba, injin yana jan ƙafa, ma'aikata suna zagin "netwok". Wanda ya ɗora ya karɓi kuɗinsa ya tafi da lambobin da ya rubuta a laftof ɗinsa, babu kwafi a wurin masu aikin. Da aka neme shi amsarsa ita ce dai wannan: ai buɗaɗɗiya ce, kowa zai iya gyarawa. Kowa wa? A ina yake zaune, nawa ne albashinsa?

Shugabanninmu na ofis ma suna da nasu kason. Za a sa hannu a sayi dizal kowane mako ba gardama, a sabunta inshorar motar manaja ba a makara, amma ka kawo takardar neman kuɗin kula da manhaja sai a tambaye ka, ba kun ce kyauta ce ba? Takardar za ta yi wata da watanni tana yawo tsakanin kwamitoci, a ƙarshe a rubuta a kai "a dakata". Kasafin kuɗi yana da layin saye, ba shi da layin kulawa. Alhali dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin bayanan mutane a kan wanda ya tara su, har ta ce idan an samu kutse mai haɗari a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Ranar da abin ya faru ba za a kira Balin ba, ba za a kira ɗan kwangila ba, bankinku za a kira. Mutanen da suka miƙa muku BVN ɗinsu kuwa 'yan kasuwar Kwari ne da malaman firamare da matan da suke sana'a a gida, amana suka ba ku, kuma amana ba ta sauka daga wuyan mutum don ya ce kayan aikinsa kyauta ya samu.

Kada wani ya fahimce ni a baibai ya ce to a koma manhajar da ake saye. Buɗewar nan ita ce ta cece ku. Da rufaffiya ce kamfanin ya janye, da ba ku da zaɓi sai biya ko tattara komai. Yanzu kuwa abin da ya faru a 2013 da 2016 ya sake faruwa: wasu sun kwashi tushen Camunda 7 sun ci gaba da shi, akwai Operaton da jama'a suke tafiyarwa, akwai CIB seven da wani kamfanin Jamus yake riƙe da ita. Ƙaura zuwa gare su ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin teburan da tsarin iri ɗaya ne, mafi yawan aikin sauya sunaye ne da gwaji. Flowable 'yar ɗaki ce, tana buƙatar ɗan ƙarin aiki. Camunda 8 kuwa kada lambar ta ruɗe ka, gini ne daban, lambobin Java da aka dasa cikin injin sai an sake rubuta su, ga lasisi da kuɗin waje a wannan yanayi na naira. Kowacce za ku zaɓa, ka shiga ma'ajiyarta a GitHub, shafin da ake ajiye tushen manhajoji, ka ga yaushe aka fitar da siga ta ƙarshe, mutum nawa ne suke rubutu a cikin watannin nan, wa yake biyansu. Idan mutum ɗaya ne tal, ka san a kan me kake ɗora bankin.

Zanen ayyukanku ma ba zai ɓata ba. Tun da BPMN 2.0, ƙa'idar zana matakan aiki, ta fito a Janairun 2011, ta kuma zama ma'aunin ISO a 2013, injinan nan duk yare ɗaya suke karantawa, ba kamar zamanin baya ba da yarukan suka bambanta. Sai dai ka buɗe fayilolin ka ƙirga layukan da suka fara da "camunda:", domin su ne ƙarin da ba ya cikin ma'auni, kuma yawansu shi zai gaya maka nauyin ƙaurar.

Ga manaja, ka ce masa babu bashin lasisi a kanku, amma akwai aiki da yake buƙatar kasafi da mutum mai suna da zai ɗauki alhakinsa. Kafin a amince da kasafin, a makon nan ka goge asusun demo, ka kunna tantancewa a ƙofar REST, ka tabbata ba a isa ga sabar daga waje sai ta hanyar da kuka tsare, ka ɗauki kwafin rumbun bayanan ka gwada dawo da shi a wata na'ura don ka san yana aiki. Sannan ka rubuta wa ɗan kwangilar takarda a hukumance ya miƙo duk lambobin da ya rubuta da fayilolin BPMN, kada kuma a sake biyansa komai sai sun shigo hannunku.