Kwalbar wiski ɗaya fam miliyan biyu, wai me ke ciki?

Tambaya: Salam Malam. Na ga wani labari a Facebook wai an sayar da kwalbar wiski guda ɗaya sama da fam miliyan biyu a Landan, don Allah da gaske ne ko ƙaryar 'yan soshiyal midiya ce? In gaskiya ne me ya kawo tsadar haka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Da gaske ne fa, a watan Nuwamban 2023 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da kwalbar wata wiskin Sikotland mai suna Macallan 1926 kan kusan fam miliyan 2.2. Hukuncin giya kowa ya san shi kuma ba shi ka tambaya ba, to bari mu tsaya kan maganar kuɗin.

Irin wannan ita ake ce wa singul molt, da sha'ir zalla ake yin ta a masana'anta guda, kuma a Sikotland doka ta ce sai ta yi aƙalla shekara 3 a gangar katako kafin ma a kira ta wiski. Wannan kuwa shekara 60 cur ta yi a ganga, an zuba ta a 1926 sai 1986 aka ɗura a kwalba, gashi duk shekara wajen kashi 2 cikin ɗari na bin iska ta jikin katakon, ka ga kuwa abin da ya rage ba yawa, kwalba 40 kacal aka samu. 12 daga ciki wani mai zane ɗan Italiya, Valerio Adami, ya zana musu takardar jiki, wadda aka sayar ɗin tana cikinsu.

Galibin masu saye ba buɗewa za su yi ba, ajiyewa suke kamar gwal suna jiran farashi ya ƙara tashi. Da an ɗura ta a kwalba ma tsufan ya tsaya, ko ta shekara ɗari a kabad 60 ɗin nan ce dai. Ni a ganina ƙaranci da suna kawai ake biya wa kuɗi, shi ya sa ragowar kayan masana'antun wiski na Port Ellen da Brora da aka rufe a 1983 suka yi tashin gwauron zabi.

Sai kuma 'yan damfara. A 2018 masana a Sikotland sun gwada kwalba 55 na tsofaffin wiski, 21 jabu ne. Gwajin bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960 ya bar alama a sinadarin kabon da ke cikin sha'ir, to duk kwalbar da aka ce tun kafin yaƙin duniya na biyu take amma aka ga alamar nan a ciki, asirin mai ita ya tonu.