Amsa ga Malama: ba kowane mai laifi ba ne mahaukaci

Malama, kin tambaya ko yaron unguwarku da ya sari mutum mahaukaci ne tunda ance yana shan tramol. Gaskiya ni ban yarda ba, a nan Damagaram da mutum yayi ta'asa sai ace ai kansa ba daidai ba, alhali mafi yawan masu tabin hankali basu taba kowa, su ma ake jifa a kasuwar Dole, yara na binsu da ihu. A shari'a an dauke alkalami kan wanda hankalinsa ya gushe har ya warke, amma wanda ya sha kwaya da gangan fa daban ne. Likitan kwakwalwa ke dubawa ko wanda ake tuhuma ya san abinda yake yi lokacin, sannan alkali ya yanke, ba masu zaman hira a fada ba.