Filin Makanike: Kwan fitilar mashina ya ki ci ya ki cinyewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, barka da kokari. Mashina karami ne 125, kuma yawancin tafiyata ta dare ce amma fitilarsa kamar aci-balbal, shi ne na cire kwan asali mai wat 35 na sa mai wat 60, wallahi maimakon haske ya karu sai ma ya koma ja, da na gaji na sa LED irin farin nan shi kuma in mashin yana silo sai ya rinka kiftawa kamar mai ciwon ido, kwana tara ya mutu. Don Allah wanne zan saya yanzu?

AMSA: Wa alaikumus salam dan uwa. Kafin ka sake fitar da ko sisi yi min abu daya, murda makulli ka kunna fitila ba tare da ka buga kik ba. In ta kama, to daga batir take shan wuta, wato DC. In ba ta kama ba sai injin ya tashi, kuma kana murza totur tana kara haske kana saki tana dusashewa, to kai tsaye daga koyil take sha, nadin wayar nan da ke samar da wuta in injin yana juyawa, wato AC, kuma daga yadda ka bada labari na kusa rantsewa naka irin wannan ne.

Shi koyil iya wutar da aka nada shi ya bayar ita zai bayar, ba ya karawa don ka sa babban kwai. An yi shi don wat 35 ka kawo masa 60, ai ka dora wa jaki kayan rakumi, shi ya sa zaren kwan bai samu wutar da zai yi fari ba ya tsaya a ja. Wanda nasa na batir ne ma bai tsira ba, shi hasken zai karu kam, amma bayan 'yan makonni in ya bude bayan fitilar zai tarar robar soket ta yi baki ta lankwashe, wani lokacin har shekin kwanon fitilar ya kone, ga batir kullum a kwance.

LED kuma asalinsa da DC yake aiki, to da ka ba shi wutar koyil mai hawa da sauka dole ya yi ta kiftawa har ya gaji ya mutu. In LED din kake so nemi wanda aka rubuta AC/DC a kwalinsa, ko ka sa mai riwaya ya mayar maka da layin fitilar kan batir ya sa fis, amma ya fara gwada ko cajin mashin din zai dauka.

Sannan ka tafi da tsohon kwan a aljihu, ka karanta abin da aka rubuta a gindinsa. Akwai BA20d mai 'yan kusoshi biyu a gefe da ake turawa a murda, akwai P15d mai faifai a wuya, akwai H4 mai kafa uku wanda yake 60/55, wato wat 60 a ful, 55 a dim, sai HS1 da ya yi kama da H4 kamar an tsaga kara amma shi 35/35 ne kuma kunnuwansu ba daya ba. Na sha ganin an sa fayil an goge kunne don dole sai ya shiga, eh zai shiga, amma ka koma maganar jaki da rakumi. Kuma shi kwanon fitila an auna shi ne daidai inda zaren kwai yake zama, don haka LED din da 'yan idanunsa ba su zauna a wannan wurin ba haskensa watsewa yake, sama da bishiyoyi fes amma ramin da ke gabanka ba ka gani. Lambar da suke bugawa a kwali kuwa kar ta rude ka, da lumen ake auna yawan haske, H4 na kirki lumen 1,650 yake bayarwa a ful, 1,000 a dim, kuma da shi motoci suka yi shekara da shekaru suna tafiyar dare, to wani dan kwai kamar yatsa ya ce maka 20,000 yake ai ka san zance ne. Ni in nawa ne ma ba zan dauki farin nan mai shudi-shudi da ake rubuta wa 6500K, wato lambar launin haske, ba, in ana ruwa ko kura ta tashi dawo maka yake a ido, gara mai dan ruwan dorawa wajen 4300K.

TAMBAYA: Oga ni kuma kwan asali nake sawa amma duk sati biyu ko uku sai ya kone, na canza kamfani har uku.

AMSA: To ba laifin kwan bane Malam. A sa mitar gwada wuta a wayar fitilar a murza totur, in wutar tana haura 15V regulatarka, wato abin da ke daidaita wutar mashin, ta tafi, kuma irin wannan kwan in wuta ta wuce kima da kashi 5 cikin 100 kacal kusan rabin rayuwarsa ta tafi kenan. In wutar daidai take a duba soket ko yana lilo, da wayar da ake daurewa a jikin karfen mashin ko ta yi tsatsa, don girgiza ma tana tsinka zare. Sai abin da kowa ke rainawa, kar ka kama gilashin kwan halojin, irin su H4 da HS1, da yatsa, maikon hannu yana zama a wurin ya rinka tara zafi har gilashin ya yi bororo. Kama shi da kyalle ko takardar da ya zo a ciki.

TAMBAYA: Tun da na canza kwai masu tahowa suke ta watso min ful alhali a dim nake.

AMSA: Kashe musu ido kake yi. Samu bango a fili mai lebur, ja baya kamar mita 7 da rabi, ka zauna a kan mashin din yadda ka saba don nauyinka yana sa fitilar ta daga kai sama, ka sa dim. Saman hasken ya tsaya kasa da tsayin kwan da kamar santimita 5, akwai noti a gefe ko kasan fitilar da ake sassautawa a sunkuyar da ita. In ka duba bangon ka ga babu wani layi da ya raba haske da duhu ko kadan sai haske birjik ko'ina, to juye ka sa kwan ko kuma bai dace da kwanon ba, cire shi ka sake dubawa.