Littattafan "Yadda Za Ka Yi Arziki": Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni matashi ne a unguwar Mabera da ke Sakkwato, na gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yanzu ina tsare wa yayana shagon kayan waya. A shekara ɗaya na sayi littattafai bakwai na masu koyar da cin nasara da tara dukiya. Ina karantawa sai in ji kamar gobe zan zama Ɗangote, bayan kwana uku kuma in koma gidan jiya. Ta yaya zan gane na kirki?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Bakwai! Da kuɗin ka tara, da ka kama hanyar ɗaure 'yar jar akuya a gida. To amma ba zan yi maka dariya ba, ni ma na sha wannan ruwan. Akwai wanda na saya a bakin Babbar Kasuwa, bugun sata, tawadar duk ta koɗe, na kai shafi na sittin kafin in gane cewa abin da mutumin ke son faɗa shi ne a riƙa tashi ƙarfe biyar na safe. Mu da ladan ke tayar da mu tun muna yara!

Abin da nake fara dubawa yanzu shi ne: da wa marubucin yake magana? Galibin littattafan nan a Amurka aka rubuta su, don mutumin da banki zai ba shi bashin sayen gida ya biya cikin shekara 30, wanda wuta ba ta ɗaukewa a shagonsa. Sai ya ce maka ka ci bashi ka sayi gida ka zuba 'yan haya. A nan kuwa, a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, ban da maganar riba da kai ma ka san hukuncinta. Marubucin ya ce ka ajiye kuɗi a asusu su yi ta haihuwa. Wanda ya ajiye naira kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san abin da ta zama. Wani ma cewa yake ka koyi ce wa dangi a'a. Je ka gwada wa gwaggonka ranar da ta aiko neman kuɗin magani, ka dawo ka ba ni labari.

Ba wai duka shirme ba ne. Kafin ka ciro kuɗi, tsaya nan gaban mai sayarwa ka buɗe babi ɗaya a tsakiya, ba na farko ba, don na farko talla ne. In ka gama, tambayi kanka: mene ne zan iya yi a shagon yayana kafin Juma'a? In ba amsa, ajiye masa abinsa. In labaran attajirai ne kawai da "ka yarda da kanka", wannan kirarin maroƙi ne, ya fasa maka kai ya karɓe kuɗinka.

Ɗan ƙanwata yana sarin albasa daga Goronyo. Littafi guda ya karanta, shi ma bai ƙarasa ba, abu ɗaya ya ɗauka: rubuta duk kwabon da ya shiga da wanda ya fita. Ya sayi littafin rubutu na 'yan firamare, ya ja layi a tsakiya. Wata biyu na gani da idona, ga kuɗin mota, ga na 'yan dako, ga ladan dillali, ga buhunan da suka ruɓe a zafin Afrilu. Ashe kasuwar da yake taƙama da ita uwar kuɗin take ci. Ya rage yawan sari, ya daina bari kaya su kwana biyu a rana.

Cikin bakwai ɗin nan naka, ware wanda ya yi maganar lissafi ko mu'amala da masu saye, ka sake karanta shi da biro a hannu. Sauran ka bayar aro, na tabbata ba za ka bi sawunsu ba. Na takwas kuwa ya jira sai ka cika wata guda kana rubuta cinikin caja da gilashin waya, ka nuna wa yayanka.