Amsa: kwamfuta na iya gane gubar magani ba tare da an gwada kan dabba ba?

Salam ɗan uwa, ka tambaya ko gaskiya ne kwamfuta na iya faɗin maganin ƙwari zai kashe bisashe tun ba a ba ɓera ba. Eh tana iyawa, amma ba duka ba.

A labo, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ana ɗiga sinadarin kan ƙwayoyin halitta cikin ƴan ramukan faranti, a duba ko sun mutu ko sun canza, sai a zuba ma kwamfuta sakamakon tare da siffar sinadarin ta kwatanta shi da waɗanda an riga an san gubarsu. A Amurka shirin Tox21 da aka fara a 2008 ya gwada sinadarai wajen 10,000 ta haka.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanta da ƙoda, faranti ba shi da su, kuma kowace dabba da yadda jikinta ke sarrafa magani. Parasetamol da muke sha kullum yana kashe mussa don hantarta ba ta iya fidda shi. Diclofenac kuma, wani maganin ciwo da aka riƙa yi ma shanu allura da shi a Indiya, shanun lahiya lau amma ungulayen da suka ci mushensu ƙodarsu ta lalace, sama da kashi 90 cikin 100 suka ƙare kahin a hana shi a 2006, abin da ban tausai wallahi.

To don Allah in kun yi feshi a garkar albasa nan Tahoua kar ku saki awaki ciki, galan ɗin maganin kuma kar a ɗebi ruwan sha da shi ko an wanke.