Hajiya, autanki barci yake

Salamu alaikum jama'ar gida. Hajiya Babba, na ji muryarki, wai 'yar ƙanwarki da ke Niyok tana ɗaga waya da rana, amma autanki na Kalifoniya ya daina ɗagawa, ko ya fara raina mutane ne. Hajiya, don Allah ki sassauta, yaron nan barci yake. Wallahi barci.

Ita tana gabashin Amurka, bakin tekun Atlantika, shi kuwa yana can ƙurewar yamma, bakin Fasifik. Tsakaninsu kusan kilomita 4,000 ne, jirgi kan yi wajen awa 6 a sama. Agogonsu ma ba ɗaya ba ne, Niyok ta riga Kalifoniya da awa 3. In 12 na rana ta yi a Kano, 7 na safe ce a Niyok, wajensa kuwa 4 na dare. To wa zai ɗaga?

Au, tsaya, wannan lissafin na lokacin zafinsu ne. Mutanen nan sau biyu suke taɓa agogo a shekara. Lahadi ta biyu a Maris su tura shi gaba da awa ɗaya, Lahadin farko a Nuwamba su mayar. Namu ba ya motsi. Saboda haka da sanyi ya shigo, tazararmu da Niyok awa 6 ce, da Kalifoniya 9.

Ni fa abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Lokacin da nake karatu can, wani ɗan'uwa, ba zan kama suna ba, yana cikin gidan nan yana ji, ƙarfe 3 na dare zai doka mini kira. Na zabura, gabana na faɗuwa, na ɗauka rasuwa aka yi, sai in ji "ya garin?" In ban ɗaga ba kuma a zaga dangi a ce ya ga dala ya manta gida. Har yau bai ba ni haƙuri ba. A bar ma zancen.

Kuma zaman ma ba iri ɗaya ba ne. Niyok cunkoso, dusar ƙanƙara, jirgin ƙarƙashin ƙasa dare da rana, a unguwar Bronx ma sai ki ji Hausar zango a bakin 'yan Gana. Shi can Kalifoniya sai da mota, rana tarwai, amma ga girgizar ƙasa, ita ta rusa San Francisco a 1906, ga wutar daji irin wadda ta ci unguwanni a Los Anjalis a Janairun 2025. Ruwan tekun nasu kuma sanyi ƙalau duk da ranar nan, don daga arewa yake gangarowa, mutum ya tsoma ƙafa sai ya... kai, ba wannan kika tambaya ba.

Ki kira shi wajen 8 na dare, bayan isha'i. Wajensa 12 na rana ce, ko 11 in lokacin sanyi ne. In ranar aiki ce ki bari sai Asabar.