Kafin ka sayi manhajar ceto fayil, duba yadda kake karɓar aiki

Wani ɗan'uwa mazaunin Nima, mai ɗan shagon gyaran laftof a Tip Toe Lane kusa da Circle a Accra, ya aiko da tambaya. Ya ce abubuwa uku suka dame shi a 'yan watannin nan. Filashin da yake tayar da kwamfuta da shi ya daina aiki a sababbin laftof. Wata mai sayar da atamfa a Makola ta kawo tata tana nauyi, ya sa mata chkdsk, umarnin Windows na duba faifai, faifan ajiya ya mutu da lissafin bashin da take bin mutane a ciki, sai da manya suka shiga tsakani ya biya ta. Sannan wata laftof ta tsaya tana neman lambar BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifai, mai ita ya ce bai taɓa jin sunan ba. Ya kusa kwasar adashinsa, yana tambaya ko ya sayi manhajar ceto fayil ta kuɗi.

Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Kada ka saya yanzu. A cikin ukun nan babu wadda manhajar za ta raba ka da ita.

Mu fara da ta Hajiya mai atamfa, don ita ta ci maka kuɗi, ta kuma taɓa maka suna a layin da kowa ya san kowa. Kwamfuta mai nauyi, mai tsayawa cak in an buɗe fayil, sau da yawa faifanta ne ya fara lalacewa. Shi kuwa chkdsk ba likitan faifai ba ne. Tsarin fayiloli yake gyarawa, kuma yana rubutu a kan faifan yayin da yake gyaran. In ka haɗa masa da /r zai bi faifan kaf yana matsa masa awa da awanni. Kamar ka ɗora wa mai zazzaɓi buhun masara ne ka ce ya zaga Makola da shi. Abin da ya kamata ka fara yi ba ya cin ko sisi: buɗe CrystalDiskInfo ka ga abin da faifan yake faɗa game da lafiyarsa. In ya nuna ruwan ɗorawa ko ja, ka janye hannu daga gyara. In kuma kana jin yana ƙas-ƙas daga ciki, kashe shi nan take, ka gaya wa mai shi gaskiya cewa aikin ya fi ƙarfin teburinka.

Faifan da ya fara ciwo amma yana karantuwa, kwafarsa ake yi dungurungum zuwa wani lafiyayye. A nan ddrescue ya fi dacewa, kuma kyauta ne. Yana fara kwashe wuraren da ke da kyau, ya bar masu wahala sai daga baya, yana kuma ajiye bayanin inda ya tsaya. Mu da muka san dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne: wuta ta ɗauke, ta dawo, ka ci gaba daga inda aka tsaya. Bayan ka samu kwafin, a kansa za ka gwada TestDisk ko PhotoRec, manhajojin ceto fayil na kyauta, yadda ranka yake so, na kwastoma yana ajiye a aljihun tebur. Abin da ka ceto kuma kada ka taɓa zuba shi a kan faifan da kake ceto daga cikinsa. Ka sani kuma, a SSD, wato sabon nau'in faifai mara juyawa, fayil ɗin da aka goge yawanci ya tafi ke nan, saboda wani umarni mai suna TRIM yana sa faifan ya share gurbinsa da wuri. Wanda ya ce maka manhajarsa za ta dawo da komai daga SSD, kuɗinka yake so.

Maganar filashi mai sauƙi ce. Naka an haɗa shi ne don tsohon tsarin tayar da kwamfuta, wato BIOS, sababbin laftof kuwa da sabon tsarin UEFI suke tashi. Sake haɗa shi da Rufus ka zaɓi GPT, ko ka sa Ventoy wanda yake ɗaukar duka biyun. Ka gwada filashin kansa da H2testw, don na jabu sun cika kasuwa. In kuma ka zo sa Windows a laftof mai Intel na ƙarni na 11 zuwa sama ka ga babu faifai, kada ka yi saurin sayar wa mutum sabon SSD. Galibi direban Intel RST, manhajar da ke sa Windows ta ga faifan, ne babu, ka ajiye shi a filashinka.

BitLocker ita ce za ta ƙara yawa a teburinka. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, jama'a suna ta komawa Windows 11, kuma tun fitowar 24H2 a 2024 kulle faifai yana kunna kansa a kwamfutoci da yawa da zarar an shiga da asusun Microsoft. Mai ita bai ma sani ba. Abin da ke tayar da ita kuwa shi ne irin aikin da kake yi kullum: kashe Secure Boot don filashi ya tashi, sabunta BIOS, canza allon uwa (motherboard). In saiti ka taɓa, mayar da shi yadda yake, sau da yawa kwamfutar tana tashi. In ba haka ba sai lambar nan mai alƙaluma 48, wadda galibi tana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Wani lokaci yaron shagon da aka saye ta ne ya shiga da nasa asusun, sai a je a neme shi. In babu lambar, babu manhajar da za ta buɗe maka, komai tsadarta. Saboda haka ka sa mai ita ya nemo lambar a wayarsa yana tsaye a gabanka, tun ba ka taɓa komai ba.

Yanzu kuɗin adashin. Da ni ne, faifan ajiya babba guda zan fara saya, wanda ba ya aikin komai sai karɓar kwafi, da akwatin jona faifai ta USB, da UPS mai riƙe wuta in ta ɗauke, ko ƙarami ne, da filashi biyu na gaske daga dilan da zai ba ka rasit. Ragowar ka kai wa mai buga takardu ya yi maka littafin karɓar aiki mai kwafi biyu. A kowane shafi a rubuta halin da kwamfuta ta zo, ko akwai fayil mai muhimmanci, ko mai ita yana da kwafinsa a wani wuri, da cewa faifan da ya fara lalacewa yana iya mutuwa a hannun kowa. Wanda ba ya karatu ka karanta masa da Hausa ko Twi a gaban shaida, ya sa hannu ko ya dangwala. Da akwai wannan takarda, da zaman da aka yi da Hajiya ya zo da sauƙi.

Abin da ya fi damuna da masu gyaranmu shi ne suna ba da bincike kyauta. Gano ciwon kwamfuta shi ne ilimin da ka sha wahalar koya. Ka yanka masa kuɗinsa daban, a biya kafin ka kwance ko noti ɗaya, in an yarda da gyara ka cire shi daga jimla. Kwafar fayil ma aiki ne mai farashinsa, ba ihsani ba. Wasu za su yi ƙorafi su wuce shagon gaba, ka bar su. Kwafin mutane kuma amana ce: ka hana yaranka leƙa hotunan kowa, ka sa ranar da za ka goge bayan an karɓi kaya. Dokar kare bayanan mutane ta Ghana ta 2012, wato Act 843, ta shafi duk mai riƙe bayanan wasu.

Ranar sayen manhajar za ta zo, lokacin da aikin ceto ya fara zuwa maka a kai a kai kuma na kyauta suka gaza a kan kwafi mai kyau. Yawancin na kuɗi suna bari ka ga fayilolin da za su iya fitarwa kafin ka biya. Ka nuna wa kwastoma jerin a allo, ku yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, sannan ka sayi lasisin da kuɗin aikin.